Tocilar da Na Haska wa Kifayen Lawali

Da sunan Allah mai rahama, mai jinƙai.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba. Allah ya sa takardar nan ta same ki zaune lafiya a kujerar mota, ba jiri, ba ciwon kai. Allah ya tsare ki a hanyar Bur Sudan, ya tsare ki a cikin jirgi, ya sauke ki lafiya a Kano, ƙasar da kakanki ya baro da ƙafa da niyyar hajji, bai sake ganinta ba.

Na cusa ta a aljihun jaka, ƙarƙashin ƙullin dabino, don na san ba za ki taɓa wurin ba sai yunwa ta kama ki wajen Shandi. Za ki yi mamakin ganin Hausa da haruffan boko, alhali rabin hirarmu a gida Larabci ne. Ki bi ta a hankali. Akwai maganganun da in na faɗe su da Larabci sai in ji kamar wani ne ya aikata su, ba ni ba.

Ba labarin gida zan ba ki ba, kin fi ni saninsa. Za ki je karatun idon kifi, aikin da na yi wa hidima shekara ashirin da shida ba tare da takardar shaida ba. Ba ni da ilimin da zan ƙara miki. Abin da nake da shi kurakurai ne, na ga gara in ba ki su ki tafi da su, da in bari a binne su tare da ni.

Kin san a Jazira aka haife ni, cikin masu tsintar auduga, kuma na gudo Umdurman ina saurayi na shiga sana'ar su. Muna jefa taru a Farin Nilu, ƙasa da madatsar Jabal Awliya, mu kawo kasuwar kifi ta Maurada da safe. A nan wata mata ta zo cikin farin mayafi irin na ma'aikata, tana neman gargaza, wadda nan ake ce wa bulti. Mai rai take so, kuma wadda taru bai goge mata ido ba. Masunta suka yi ta dariya, wani ya ce mata ko ido za ta soya. Ni ban yi dariya ba. Washegari na kawo mata goma sha biyu a cikin rabin ganga, na rufe da jiƙaƙƙen buhu. Ita ce Daktora Su'ad. Kafin wata ya ƙare ta ɗauke ni aikin kula da kifi a ɗakin bincikenta na jami'a, can Khartum.

Makon farko na ji tana ta maimaita wata kalma ga ɗalibanta, dubamin, dubamin. Sai na ajiye bokiti na matso, don a kunnena cewa take yi "duba min". Na tsaya ina jiran a nuna mini abin da zan duba. Da ta lura da ni, ta zaunar da ni ta zana ido a allo. Ta ce a bayan ido akwai wani tantani siriri da ake kira shabakiyya, wato ƙaramin taru. Wannan na gane nan take. Ta ce namu idon, in rana ta yi ƙarfi, baƙin tsakiyarsa tsukewa yake yi. Na bulti ba ya tsukewa, sai dai gyaran ya faru a cikin tarun. Akwai ƙwayoyi iri biyu a ciki, masu aikin rana da masu aikin duhu. In haske ya zo, na rana su matso gaba, na duhu su ja baya, wani baƙin launi ya sauko ya lulluɓe su kamar labule. Mai kai saƙon cewa gari ya waye shi ne dubamin ɗin nan, wato dofamin. Haske na sauka, shi yana ƙaruwa. Duhu na yi, yana raguwa. Na ce mata ai shi ya sa kifi ke ruɗewa ya faɗa taru daidai fitowar rana, kafin idonsa ya gama sauyawa. Ta dube ni ta ce, "Ya Isa, ka ga kai ka riga mu zuwa ajin."

Maganar nan ta shiga kaina fiye da kima. Za ki ga inda ta kai ni.

Kuskurena na farko a wurin ƙarami ne a ido. Ban bari kowa ya san ni Bahaushe ba ne. Kin san yadda ake furta kalmar Fallata, sunan da suke kiran irinmu, a garin nan in ana so a rage mutum. Na sha jinta a bakin kogi har ta ishe ni, don haka da na sami aikin da ake sa farar riga, sai na bar harshena a gida kamar tsohon takalmi. Shekara bakwai haka. Sai aka kawo wani ɗalibi daga Najeriya, Lawali, mutumin wajen Gusau, magidanci mai 'ya'ya biyu da ya baro a gida. Ranarsa ta uku ya shigo ya tarar ina ƙirga kifi a tanki, ina cewa ɗaya, biyu, uku a hankali, don ƙirga ba ta taɓa zauna mini da Larabci ba. Fuskarsa ta washe. Ya ce, "Ashe Baba namu ne. Sannu da aiki, Baba."

Akwai ɗalibai biyu a bayansa. Na dube shi na ce da Larabci ban gane abin da yake faɗi ba.

Ya wuce wurin aikinsa. Amma kullum da safe sai ya gaishe ni da Hausa, a hankali, yadda wani ba zai ji ba, ni kuwa in amsa da Larabci. Lokacin fatur, karin kumallon hantsi da ake haɗuwa a ci wake a kwano ɗaya, shi kaɗai yake zama a gindin dalbejiya, don Larabcinsa na littafi ne, in ya yi magana dariya ake yi. Wata biyu ina kallon mutumin nan yana cin abinci shi kaɗai. Daktora ce ta kunyata ni. Ta ce, "Ya Isa, tun a Maurada na ji kana zagin ɗan jirginku da Hausa. Wa kake ɓoye wa? Je ka zauna da baƙon nan."

Na je na zauna. Na ce, "Lawali, ina gajiya?" Ya ce, "Ba gajiya, Baba," ya tura mini kwanon, bai taɓa tayar da zancen wata biyun nan ba. A gindin bishiyar ya koya mini rubutun da kike karantawa yanzu, da bayan tsofaffin takardun gwaji.

Ummi, inda za ki, Hausarki za ta ba su dariya. Za ki ce raksha su ce keke, za ki fara magana ki ƙarasa da Larabci ba ki sani ba. Nan an ce mana baƙi, can ma za a ce miki 'yar Sudan. Ki bari su yi dariyar, ki yi tare da su in za ki iya. Kada ki ɓoye ko ɗaya daga cikin biyun. Kuma in kin ga wani yana cin abinci shi kaɗai, kada ki jira wata biyu.

Na biyu shi ne mai nauyi, kuma ko mahaifiyarki ban faɗa wa ba.

Aikin Lawali shi ne ya auna dofamin a idon kifin da ya wuni cikin haske, ya gwada da na wanda ya wuni cikin duhu. Muna da ɗakin duhu, tagoginsa an shafe su da baƙin fenti, bayan ƙofarsa kuma akwai labule biyu masu kauri. Da safe ya zuba kifi a tankin ciki ya kulle. Bayan azahar ya shiga da wata jar fitila mai rauni, wadda ba ta tayar da idon kifi, ya cire idanun ya sa a ƙanƙara. Mukulli biyu ne, ɗaya nasa, ɗaya nawa. An gaya mini kada wani haske ya shiga ɗakin. An gaya mini, ba zan ce ba a gaya mini ba.

Amma wuta tana yawan ɗaukewa, in ta ɗauke kuwa injin da ke hura iska a ruwa ya tsaya. Ni masunci ne, na san yadda bulti ke tasowa sama yana haki in ruwa ya mutu. Rannan da Lawali ya tafi sallar azahar na kasa daurewa, na ɗauki tocila na shiga. Na tarar biyu sun fara kifewa. Na jingine tocilar a bakin tanki, na zuƙe dattin ƙasa, na ƙara sabon ruwa, na fito na kulle. Duka bai fi minti goma ba. Na ji daɗin kaina, na ce na ceci aikin yaron nan bai ma sani ba. Daga nan ya zame mini jiki. Duk ranar da aka ɗauke wuta, ko na ji zuciyata ba ta kwanta ba, sai in shiga in ya tafi masallaci. Ya dawo ya ɗauki kifin da ban daɗe da haska wa ido ba, ya rubuta a littafinsa cewa sun wuni a duhu.

A raina cewa nake yi, wane ne zai koya mini kifi? Tocilar da batirinta ya kusa mutuwa, me za ta yi? Na riƙe yabon da Daktora ta yi mini, na manta bayanin da ta yi kafin yabon. Ban haɗa cewa idon kifi bai san niyyata ba, haske kawai ya gani, ya fara sakin dofamin kamar gari ya waye.

Sakamakon Lawali ya ƙi zama. Yau kifin duhu ya bambanta da na haske, gobe su fito kusan ɗaya. Ya sauya ruwan magani, ya sauya wuƙa, ya sake wanke kwalabe da hannunsa. Ya rame. Yana zama a gindin dalbejiya da littafin a cinya yana cewa, "Baba, ko dai kaina ne ba ya ja?" Ni kuwa in ce masa ya yi haƙuri, komai lokaci ne. Wallahi a lokacin ban san ni ne ba.

Ga nasihata a nan, kashi biyu ce. In an ba ki doka a ɗakin bincike ba ki ga amfaninta ba, ki tambaya, kada ki yanke da kanki cewa ƙarama ce. Da na buɗe baki sau ɗaya na ce kifi na haki in wuta ta ɗauke, da an ba ni jar fitila, magana ta ƙare. Kashi na biyu ya fi wannan. Wata rana ke ce za ki zama mai ba da doka, kuma za a sami wani irina mai wanke miki tanki. Kada ki ce masa "kada ka yi" ki wuce. Ki zaunar da shi ki faɗa masa dalili, ki sake faɗa bayan wata guda. Ki tambaye shi me yake yi in ba kya nan, da murya wadda ba za ta tsorata shi ba. Rabin abin da ke faruwa da kifinki a hannunsa yake, ba a littafinki ba.

Da a nan ya tsaya, da rashin sani ne, Allah kuma yana yafe shi. Amma bai tsaya ba, shi ya haifi na uku.

Bayan wata takwas Daktora ta tara mu. Ta tsaya a gaban allo ta ce abu uku ne kawai zai kawo haka: ko magani ya lalace, ko hannun mai aiki, ko haske na shiga. Ta ce ko na 'yan mintuna ne, in dai daf da cire ido ne, ya isa ya ɓata komai. Ina tsaye a bakin ƙofa da tsumma a hannu.

Lawali ya ce, "Daktora, haske ba ya shiga. Mukulli biyu ne, nawa da na Baba Isa, shi kuwa na yarda da shi kamar mahaifina."

Ta juyo. "Ya Isa, ka taɓa shiga da wani haske?"

Na ce, "Abadan." Ko sau ɗaya.

Kalma ɗaya ce, ta fito tun kafin in yi shawara. Na tuna aikin, na tuna ke kina goye a lokacin, na tuna za a ce ga abin da ake samu in an ɗauko Bafallace daga bakin kogi an sa masa farar riga. Duk waɗannan dalilai daga baya na jera su. A lokacin tsoro ne kawai.

Na daina shiga, ina ganin na gyara. Nan da nan sakamakon ya zauna, kifin duhu daban, na haske daban, tsaf kamar a littafi. Lawali ya zo yana murna ya rungume ni. Amma Daktora ta ga abin da ya ƙi wata takwas ya gyaru a mako ɗaya, ba a sauya komai ba, sai ta yi zargin da hannu ya gyara lambobin. Ba ta faɗa a fili ba, ta dai ce ba za ta sa hannu ba sai ya sake komai daga farko a gabanta. Lokacin da aka ɗiba masa ya riga ya ƙare, waɗanda suka turo shi ba su ƙara masa ba. Ya koma gida ba takarda, bayan shekara uku nesa da iyalinsa.

Ni na raka shi tasha. Ya ba ni littafin da yake koya mini rubutu da shi, ya ce, "Baba, in na rubuto ka amsa da hannunka, kada ka ba wani." Ya rubuto sau biyu. Ban amsa ba, don ban san da wace kalma zan fara ba.

Shekara tara bayan haka, ranar da Daktora za ta ajiye aiki, na same ta tana kwashe littattafanta na faɗa mata. Ta zauna a kan kwali. Sannan ta ce, "Ni ka sa na zalunci mutum, ya Isa. Amma ba ni ya kamata ka gaya wa ba." Ta rubuta masa, ni ma na rubuta. Babu amsa. Ban sani ba ko ya ƙaura, ko ya rasu, ko ya karanta ya ajiye.

Ban ɗora miki neman sa ba, laifin ba naki ba ne. Amma duniyar masu wannan karatu ƙarama ce. In Allah ya haɗa ki da shi ko da nasa, ki faɗi 'yar wane ce ke, ki faɗi abin da na yi, kada ki sassauta. Ke kuma, in kin ɓata abu, ki faɗa a ranar, kafin la'asar. A ranar, kuskure ne kawai, za a yi miki faɗa a wuce. In ya kwana ya zama ƙarya, ita kuwa ba a kan mai yinta take faɗuwa ba, wanda ya fi yarda da ke take nema.

Na huɗu kin ga ƙarshensa, ba ki ga farkonsa ba.

Mahaifiyarki ta fara ce mini in magariba ta kawo kai ba ta bambance bakin dakali da ƙasa. Ta ce in ta shigo ɗaki daga rana takan daɗe tsaye kafin ta ga gado. Ta ce launin mayafanta ya dushe mata, shuɗin da koren sun zama ɗaya. Na ce, "Ladi, tsufa ne, kowa haka yake." Na sayo mata tabarau a kasuwar Umdurman, irin na kan tebur. Ta ce bai yi ba. Na ce ita dai ba a iya mata. Rannan ta zuba mini shayi a gefen kofi, ya malale a faranti, na yi mata tsawa a gaban baƙo. Shekara biyu tana faɗa, ina cewa raki ne. Sai da hannunta na dama ya fara rawa, ke kuma kina shekarar farko a jami'a kika kafe sai an je asibiti.

Kina waje kina karɓo kati lokacin da likitan nan na Bahri, can ƙetaren kogi, ya yi mana bayani. Ya ce ciwon karkarwa ne, kuma asalinsa ƙwayoyin da ke yin dofamin a ƙwaƙwalwa ne suke mutuwa. Ya ce a ido ma akwai irinsu, shi ya sa wasu masu ciwon ke kukan gani tun kafin a gane abin da ke damunsu. Ya tambaye ni ko na taɓa jin kalmar. Na ce na taɓa.

A hanyar dawowa, muna kan gada, kina kujerar gaba, ta matso kusa da kunnena ta ce, "Malam, wannan abin ba shi ne na kifayenka ba?"

Na ce, "Shi ne."

Ta yi 'yar dariya ta ce, "Ashe kifi ya fi ni samun mai duba shi."

Ba da fushi ta faɗa ba, kuma ba ta sake faɗa ba har ta koma ga Allah. Likita ya ce ko da mun zo da wuri ba warkewa za ta yi ba, ciwon ba ya warkewa. Na yarda. Amma shekara biyun da ta yi tana faɗar gaskiya a gidanta ba a yarda da ita ba, wannan ba ciwon ne ya yi mata ba, ni ne. Ina iya gane kifin da ba shi da lafiya daga yadda ya karkata a ruwa, matar da muke kwana ɗaki ɗaya kuwa sai da baƙo ya fassara mini ita.

Karatun nan zai koya miki kallo, Ummi, za ki iya zama awa uku a kan abin da bai kai ƙwayar gero ba. Ki rage wani abu daga wannan haƙurin ki kai gida. In wanda kike zaune da shi ya ce miki wani abu ya sauya a jikinsa ko a ransa, ki ajiye abin da ke hannunki. Ko miji ne, ko ɗa, ko abokiyar ɗaki.

Sauran kin sani. Yaƙi ya zo, magani ya yanke, muka binne ta ba tare da rabin mutanen da ya kamata su tsaya a kanta ba. Da abubuwa suka lafa na tsallaka Khartum ni kaɗai, ban gaya miki ba, na je tsohon wurin aikina. Tankunan sun farfashe, ƙasansu ya bushe ya yi fari. An cire ƙofar ɗakin duhu, an fasa tagogin, rana ta shiga har kusurwa. Na zauna a gindin dalbejiya har zafin ya rage, ba wanda ya tambaye ni me nake nema. Na dawo unguwarmu Alsawra na tarar a layinmu gida huɗu ne kawai ke da hayaƙi.

A cikin wannan hali takardarki ta zo bara, cewa an ba ki gurbin karatu a Kano. Yanzu na zo kan na ƙarshe, wanda ke na yi wa.

Idona lafiyarsa ƙalau.

Ranar da kika karanta mini takardar kina tsalle a tsakar gida, na yi miki barka, na shiga ɗaki na dubi gadon mahaifiyarki, na dubi naki ta ƙofa, na ƙirga, na ga ni kaɗai zan rage. Bayan kwana uku na ce miki magariba ta fara yi mini hazo. Na san kalmomin da zan faɗa, don na ji su shekara biyu daga bakinta. Na tsaya a bakin ƙofa kamar ina jiran ɗaki ya bayyana. Na zuba shayi a gefen kofi da gangan, ina kallon fuskarki. Abin da ta sha wahalarsa da gaske na ɗauka na yi miki tarko da shi. Kika rubuta musu a ɗaga miki shekara guda, ba ki ko yi kuka a gabana ba. Shekara guda kina riƙe hannuna zuwa ƙofar masallaci, ina ganin kowane dutse a hanya kafin ki ce, "Baba, a hankali."

Ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗin shekarar. Ina jin motsinki a kicin, ina jin kina waya da ƙawayenki. Abin da ya tsayar da ni, ranar da kika soya ƙosai don maƙwabta, kika naɗe mini nawa a takarda. Da na buɗe na ga zanen shabakiyya ne da hannunki, ƙwayoyin rana da na duhu, kowace da sunanta, mai ya jiƙe su. Littafin ajinki kika fara yagewa. Na gane kin cire rai. Na zauna da takardar a hannu, na ga zan mayar da mutum na biyu gida ba takarda.

Shi ne na ce miki maganin ɗigawa a idon nan ya yi aiki, hazo ya washe. Wata ƙaryar ce a kan ta farko. Na so in faɗa miki baki da baki, sau uku ina farawa, in kin ɗago kai sai in tambaye ki ko kin ɗinke jakar. Wani lokaci ina zargin kin sani tun tuni, kika yi shiru don ki rufa mini asiri. In haka ne, kin fi ubanki. In ba ki sani ba, yanzu kin sani. Na ci miki shekara guda, ba ni da inda zan samo ta in mayar. Ki yafe mini in kin iya, in ba ki iya yanzu ba, kada ki tilasta wa kanki, zan jira.

Ga nasihar da ta biyo baya, ita ce ta fi duk sauran amfani gare ki. Zan ji kewa. Akwai ranar da zan kira ki muryata a raunane, in ce jikina ba daɗi, in ce ban san ko zan kai azumi ba. Kada ki yarda da ni. Ki kira Hajja Batul ta gidan da ke kallon namu, na faɗa mata komai jiya, ta zage ni yadda ya dace, ta kuma yi alkawari za ta gaya miki gaskiyar halin da nake ciki, ko ta yi daɗi ko ba ta yi ba. In ita ta ce ki zo, ki zo. In ni kaɗai na ce, ki yi mini addu'a ki koma aji.

Kada ki damu da cina. Na iya dama asida, tuwonmu na nan, ɗan Hajja Batul kuma yana kawo mini burodi in ya dawo daga gidan burodi. Na yi magana da tsofaffin abokaina na Maurada, sun ce in zo in riƙa gyara musu taru, hannuna bai manta ba. Zan sami waɗanda zan yi wa surutu har la'asar.

Ki riƙe salla a kan lokacinta. Ki ci abinci ko aiki ya yi yawa. In kin fara aiki da kifinki, ki rubuto mini wane iri ne, da yadda suke kiransa a can, da abin da kika gani a idonsa. Ki rubuta da Hausa ko da kuskure, zan karanta, kuma zan amsa.

Allah ya kiyaye gabanki da bayanki, damanki da hagunki. Allah ya haɗa ki da malamai masu adalci da abokai masu tsoronsa. Ya tsare ki daga sharrin hanya, da sharrin mutane, da son zuciyar waɗanda suke ƙaunarki. Ya jiƙan mahaifiyarki, ya haskaka kabarinta. Na sallame ki, Ummi, da zuciya ɗaya wannan karon. Na bar ki a hannun wanda ajiyarsa ba ta ɓata.

Wassalam.

Mahaifinki,
Isa
Alsawra, Umdurman